Ni na huda randar surukata, maƙwabciyarmu ake tuhuma

Salama gare ku duka, masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji. Sunayen da zan kira ba na gaskiya ba ne.

Ni magidanci ne, walda nake yi, muna haya a Nassarawa ni da matata Maman Ladi. Ba na shaye-shaye, ba na yawo, cutata ɗaya ce: kiɗa. Kuma wanda bes ɗinsa, dum-dum ɗin nan na ƙasa, zai buga maka har ƙirji. Sifikun da na saya kuwa sai ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Na tura su kusurwar falo, abin ya ɗan gyaru amma bai kai ba. Na murɗe bes har ƙarshe, sai karkarwa. Da na kai kuka wurin mai gyaran rediyo, sai ya ce, "Oga, akwatin ne ya yi ƙarami, iska ba ta da wurin juyawa. Ba ka ga yadda ake yi a ƙauye ba? Cire babbar sifikar ka kifa ta a bakin randa, ka ji abin mamaki." Da ma ban je wurinsa ba.

Randa ɗaya ce a gidanmu, tana baranda. Mahaifiyar matata maginiyar tukwane ce, kuma wannan ita ce ta ƙarshe da ta gina kafin ta rasu. A kan cinya matata ta ɗauko ta tun daga ƙauye. Ko an yi sati babu wuta, ruwanta sanyi ƙalau. Na san duk wannan, ba zan ce ban sani ba. Amma da matata ta tafi biki gida na kwana biyar, sai na juye ruwan, na shanya randar, na shigar da ita falo. Sifikar ta zauna a bakinta ɗas kamar an auna. Saura waya. In na bi da ita ta baki iska za ta riƙa fita, sai na ɗauko ƙusa na huda ƙasan randar. Ni da nake huda ƙarfe kullum, yumɓu ne zai gagare ni? Kai jama'a, da na kunna har gilasan taga sai da suka amsa! Kwana uku ina jin daɗina kamar wani yaro. A rana ta uku na hango tsaga siririya ta taso daga hudar ta yi sama. Na cire sifika, na toshe ramin da sabulu, na mayar da randar wurinta, na juya ramin ya kalli bango. Na ce in ta dawo zan gaya mata.

Maƙwabciyarmu Maman Abba shekara takwas suna tare da matata. Ita ta kai ta asibiti ranar haihuwar Ladi. Su kawo mana naman Sallah, mu kai musu shinkafar Kirsimeti. Ranar da matata za ta dawo, ina wurin aiki, baiwar Allah ta ce bari ta cika wa ƙawarta randa ta tarar da ruwan sanyi. A bokiti na uku randar ta dare gida biyu, ta tarwatse. Na dawo na samu matata zaune a cikin ruwa tana tsince gutsattsari, Maman Abba na tsaye tana kuka tana cewa, "Wallahi Maman Ladi ban buga ta ba, zuba ruwa kawai na yi. Ki yafe ni." Matata ta ce, "Wa ya sa ki?" Ina tsaye a wurin. Har cewa na yi, "A yi haƙuri, tsautsayi ne." Ku ji rashin kunya, don Allah. Wane irin mutum ne ni?

Na ɗauka abin zai wuce. Maman Abba ta sayo sabuwar randa, matata ta mayar mata. Gaisuwa ta tsaya. To shekaranjiya matata tana jera gutsattsarin, don ta ƙi zubar da su, sai ta ga ramin, zagaye tsaf, da sabulu a ciki. Ta miƙo mini. "Baban Ladi, duba nan. Faɗuwa ba ta yin wannan. Huda ta aka yi, aka toshe. Me ta zuba mana a ruwan sha? Me na yi wa matar nan?" Na ce, "Ki bi a hankali." Ta ce, "Kai ma bayanta za ka bi?" Kafin la'asar ta kai ƙara wurin Alhaji mai gidan. Yanzu magana ta tashi daga fasa randa ta koma asiri, har matan gidan sun fara janye yaransu daga ƙofar Maman Abba. Alhaji ya ce ranar Asabar za a zauna, ko Maman Abba ta rantse da Alƙur'ani ko su tashi daga gidan. Mijinta ya tare ni a ƙofa ya ce, "Baban Ladi, kai mutumin kirki ne, ka san iyalina. Ka faɗi gaskiya kawai." Na kasa kallon idonsa.

In na yi magana, matata za ta san na huda aikin hannun uwarta saboda kiɗa, kuma na tsaya ina kallo sati biyu tana gaba da aminiyarta a banza. Ban san ko za ta ƙara yarda da ni ba. In na yi shiru, matar da ba ta yi komai ba sai alheri za ta fita da sunan mai asiri. Abinci ba ya shiga, rediyon ma ban sake kunnawa ba.

Jibi ne Asabar. Matata ta ajiye gutsuren mai ramin a kan sifikata don kada ya ɓata kafin zaman, wayar da na zura ta cikinsa tana reto a gefensa, ko taƙi ɗaya babu tsakaninsu. Na san abin da ya kamata, tsoro ne ya hana ni. In fara gaya mata mu biyu a ɗaki, ko in tashi a gaban Alhaji da kowa in wanke Maman Abba? Jama'a, me zan yi?