Funfuna Ta Fi Ni Gani

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ki gaya wa maigidan har yanzu ina jiran ziyarar da yake mini alkawari tun gashinsa na baƙi.

Kin sha yi mini tsiya wai shekara ashirin da biyu ina kiwon abin da ake zubar da burodi saboda shi. Da gaskiyarki, funfuna ce. Sai dai tamu doguwa ce, sili-sili kamar gashi, da ɗan baƙin kai a sama. A ƙananan kwalabe muke shuka ta, a nan jami'a, cikin ɗakin da ba taga. Ba ta da ido, amma in an kunna mata shuɗin haske a gefe, sai ta karkata ta nufe shi. Jan haske kuwa ba ta san da shi ba, shi ya sa da jar fitila muke aiki. Kullum da safe nakan auna karkatar kowane sili a jikin kati mai layuka, in rubuta a littafi, in zubar, in shuka sabo.

Wata ɗaliba ce ke digirin dakta da lambobin nan, shekara uku ke nan. So take ta gano iyakar dusashewar hasken da funfunar ke iya bi. Koyarwa take yi a sakandare, ga 'ya'ya biyu, don haka ranar Asabar kaɗai take zuwa ta kwafi littafin. Baba take ce mini, kuma ba ta taɓa bin diddigin aikina ba.

Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ciwon idon Babanmu ya kama ni. Likita ya ce ba tabarau, ba tiyata, sai haƙuri. Da rana ina gani, amma kamar ta cikin bututu. A jar fitila kuwa layukan katin sun ɓace mini. Na san halin funfunar nan fiye da halin 'ya'yana, sai in ƙiyasta in rubuta, ina lallashin kaina da cewa ƙwarewa ce ba ƙarya ba. Ko uwar yara ban gaya wa ba. Kin dai tuna yadda Baba ya koma bayan an sallame shi daga aiki, yana zaune a ƙofa yana tambayar masu wucewa ƙarfe nawa. Tsoro nake ji, wallahi.

Ki sa ni a addu'a. Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, faɗanki ma ya iso. Kin ce in je in faɗi gaskiya tun kafin a gano. Na yi ta cewa gobe, to, goben ta riga ni.

Ranar Talata aka tashi makarantarsu da wuri, sai ga ɗalibar ta shigo ban zubar da kwalaben ba. Ta shiga ɗakin, ta daɗe. Da ta fito sai ta kira mai gyaran wuta. Ashe fitilar shuɗin hasken ta mutu. Haskenta dama ɗan mitsitsi ne, mai lafiyar ido ma sai ya natsu yake ganinsa, balle ni. Mai gyara ya ce ɓera ne ya ci wayar, har ta yi tsatsa, ba jiya ba ne ba shekaranjiya ba. Silin nan duka a miƙe suke ƙyam, tunda ba hasken da za su bi. Ni kuwa da safen nan na rubuta sun karkata talatin, talatin da biyu, ashirin da tara, da kyakkyawan rubutuna.

Ɗalibar ta ajiye littafin a gabana a buɗe, ta ɗauki jakarta ta fita. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ban iya cin abinci ba, uwar yara tana ta jiƙa mini maganin shawara.

Jibi Farfesa, mai kula da aikinta, zai zauna da mu. Ki yafe mini rashin jin maganarki.

Naki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

An yi zaman. Na faɗi komai, na miƙa takardar likita. Farfesa ya cire tabarau ya yi ta goge shi. Ya ce da na faɗa tun farko, da an mayar da ni wankin kwalabe a ɗaki mai haske har in yi ritaya, ba wanda zai kore ni. Kin ji fa, Yaya. Abin da na yi ta ɓoye-ɓoye a kansa ke nan.

Sallamar da za a yi mini yanzu ba ta dame ni ba. Yarinyar nan ce. Wata huɗu ya rage wa'adin karatunta ya cika, kuma ba a ƙarawa. Farfesa ya ce in an san ranar da na fara ƙiyasi, za a yanke daga nan, ta kammala da na baya. Ta ɗauko littattafan nan goma sha ɗaya ta jera mini kusa da taga, inda zan fi gani. Ta ce, Baba, nuna mini shafin kawai.

Na buɗe, na yi ta buɗewa har la'asar. Idon bai tafi rana ɗaya ba, a hankali ya zame. Da farko sili ɗaya nake ƙiyastawa cikin goma, daga baya biyu, ban san ranar da ya zama duka ba. Lambar gaskiya da ta ƙarya duk hannu ɗaya ne, biro ɗaya. Na so in ɗora yatsa a ko'ina in ce nan ne, ta samu ta wuce. Tana kallona, na san ita ma za ta karɓa. Na kasa yi mata ƙarya ta biyu, na ce ban sani ba.

Ta tattara littattafan, ta gode mini, ta fita. Farfesa ya rubuta a kan fayil ɗinta cewa a soke lambobin duka.

Yau zan gaya wa uwar yara. In kin samu hali ki zo, ba na jin zan iya ni kaɗai.

Ƙaninki,
Auta