Jinkar Rumbun Labaran

Birnin Gwari,
11 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga ƙanena Nu'uman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya a Zariya. Tunda an ɗauke mana sabis ɗin waya, direba zai kawo maka wannan.

Na kwaso masarata daga gonar Tabanni cikin kwana biyu, kafin mutanen daji su riga ni. Ga ta jibge a tsakar gida. Na gina sabon rumbu, na ɗaure jinka, saura ɗorawa. Maƙwabcina Andrawus ya leƙo ta katanga, wai in bari ya tara mutum shida ranar Asabar, kuma wai gara ta cinye tsanina. Na ce masa gidan nan da hannuna na tayar, ba da gayya ba. Ka dai san ni.

Yayanka,
Labaran.

Birnin Gwari,
26 ga Oktoba, 2021.

Nu'uman,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

Ban jira Asabar ba. Na ɗaura wa jinkar igiya, na rataya a reshen mangwaro, na hau tsani ina ja. Tsanin ya karye. Na faɗo da baya a kan turmi, jinkar ta biyo ni. Matata Juwairiyya ta kasa ɗaga ta, sai da Andrawus ya tsallako katanga. Ya ce a ciro ƙyaure a kwantar da ni a kai ni asibiti, na ce ni ba gawa ba ne, a zaunar da ni kan babur. Likita ya ce wannan zaman ya fi faɗuwar ɓarna.

Ran Asabar suka zo su shida. Ina ɗaki ina jin su, kafin shayi ya tafasa sun ɗora. Andrawus bai tuna mini maganarsa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kullum Juwairiyya tana matsa mini ƙafafu da man kaɗanya, tana tambaya ko na ji. Ina cewa kaɗan-kaɗan. Nu'uman, da ido kawai nake sanin hannunta na wurin. Likita ya faɗa mini gaskiya ni kaɗai: ba lalle in ƙara tsayuwa ba. Ita kuwa har ta wanke mini takalman zuwa masallaci.

Ka zo kafin Juma'a. Kai za ka gaya mata. Na gwada sau uku, bakina ya ƙi.

Yayanka,
Labaran.