Ranar Ƙarshe da Ya Shiga

Gure, Talata 9 ga Maris 1999, da dare.

Yau kwamfutar yaron ta tashi. Kwana tara ina fama da manhajar Linux da ya ɗora mata kafin ya koma jami'a, kullum tana tsayawa a rabin hanya. Na bi littafinsa layi bayan layi, na tayar da ita da ɗan faifan disket ɗin da ya rubuta wa "na ceto", na gyara abin da ya lalace.

Sai ta nemi sunan mai shiga. Shekara ashirin da uku ban kira ɗan farina da sunansa ba, ko ranar da muka binne shi. Na rubuta sunan da yatsa ɗaya, sannan kalmar sirrin da ya bari a bangon littafin.

Ta buɗe, ta nuna mini ranar ƙarshe da ya shiga: Asabar, jajibirin tafiyarsa, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. A lokacin ina tsakar gida ina sauraron rediyo, taku biyar tsakaninmu, ban leƙa shi ba.

Na fahimci tsarin. Idan ta mutu na sake shiga, ranata za ta nuna a gurbin tasa.

Hajiya ta tsaya bakin ƙofa. "Malam, sha biyu za su ɗauke wuta. Ka kashe abin nan ka kwanta."

Na ce mata to, amma ban kashe ba. Batirin ajiyar wuta da ke jone da ita yana riƙe minti arba'in. Wannan karon zan zauna kusa da yaron.