Bangon da Na Wanke

Auta 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki ƙarfin jiki a kan aikin asibitin nan da ba ya barin ki hutawa, Ya ba mu haƙurin abin da ya same mu. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta rage kumburi, matar yayanki ta fara cin abinci, yaransa sun koma makaranta. Kullum muna waya da ke, na sani, amma akwai maganar da sau uku ina ɗauko ta sai muryata ta ƙi fita, in ɓige da tambayarki ko kin ci abinci. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san iyakar karatun uwarki. Matar yayanki za ta ɗauki hotonta ta turo miki yau ɗin nan, don maganar ba ta jira.

Kwana takwas ke nan da na yi wata ɓarna a wurin motsa jikin yayanki, kuma ban san ɓarna ba ce sai da na ga fuskar Barewa. Kin san ta, 'yar tseren nan da aka yi wa aiki a gwiwa, wadda yake ta ba ki labarinta. Ta shigo da safe da jakarta a kafaɗa, Dogo abokin aikinsa yana bayanta. Ni kuwa ina tsaye da bokiti da soso, hannuna duk kumfa, ina jira a yaba mini. Ta gaishe ni, ta juya ta dubi dogon bangon nan na hannun dama. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta nemi benci ta zauna a hankali, ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwar. Dogo ya cire hularsa ya riƙe. Da ta ɗago sai ta ce, "Sannu da aiki, Mama. Bango ya yi fes." Yadda ta faɗe ta ne ya sa soson ya faɗi daga hannuna.

Ga yadda abin ya faru. Bayan rasuwarsa an rufe wurin kwana goma. Da aka sa ranar buɗewa sai na ji ba zan iya zama ina kallon ɗaki ba. Na ce ban iya ɗaga ƙarfe ba, ban san komai na sana'arsa ba, amma na iya shara da wanki, ko ba komai mutanensa su dawo su tarar da wurin da tsabta. Na karɓi mabuɗi wurin matarsa, ban gaya mata abin da zan yi ba. Na share, na goge ƙarafunan nan ɗaya bayan ɗaya, na wanke tabarmin roba. Sai na ga bangon cike da rubutun alli, lambobi da layuka da 'yan alamu tun daga sama har ƙasa, wani wajen ma an rataya tawul a kai. Sau biyu kacal na taɓa shiga wurin yana raye, kuma duk biyun na gan shi yana goge wani abu da gefen hannunsa yana sake rubutawa. Na ɗauka irin allon makaranta ne da ake sharewa kullum. Na cire tawul ɗin na jiƙa shi a bokiti, na hau kujera da ƙafar nan tawa, na wanke bangon tas. Har sau biyu na bi shi, saboda allin ya kama jikinsa sosai.

Daga baya Dogo ya zaunar da ni ya yi mini bayani, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ashe bangon nan shi ne duk aikin. Kowane ɗan wasa yana da layinsa: kilo nawa zai ɗaga, sau nawa, ran da zai ƙara, ran da zai huta. Wani na wata ɗaya, wani na wata uku. Ba a littafi yake ba, ba a kwamfuta yake ba. Ke da Dogo kun sha yi masa faɗa a kan haka, ke har kika aiko masa da kwamfutar hannu, ya ce ya gode, ya miƙa wa yara suna kallon zanen barkwanci da ita. Yana cewa abin da ke cikin na'ura mutum ɗaya ke gani, amma bango kowa na gani, rago ba shi da inda zai ɓuya. Kuma kin san dokarsa ta kwando: duk wanda ya shigo, ko wane ne shi, sai ya ajiye wayarsa a kwandon bakin ƙofa. Shi ya sa cikin mutum kusan arba'in babu mai hoton bangon ko ɗaya. Wayarsa kuwa tana nan a ɗakin matarsa, amma da yatsansa yake buɗe ta. Mai gyaran waya ya ce zai iya buɗewa, sai dai komai na ciki zai tafi.

Auta, na zauna ina tuna yadda ya faro. Ke kina ƙarama lokacin, amma za ki tuna gwangwanayen madara da ya cika da siminti ya zura musu bututun ruwa, da tsohuwar tayar babbar mota da ya gangaro da ita har bayan gida. Babanku, Allah Ya ji ƙansa, yana cewa mun haifi ƙato mai ɗaukar kaya ba a aike shi ba. Ni kuma faɗan da nake yi na tukunya ne, don abokansa in sun gama sai su faɗo mini kicin. Da ya ce zai je kwas ya samo takardar shaidar koci, dariya aka yi masa a dangi, wai ɗaga ƙarfe ma sai da takarda. Ya je, ya dawo, ya sake komawa wani. Daga bayan gida ya kama shago ɗaya, daga shago ya koma wannan babban ɗakin da a da ake ajiye kayan gini. Da farko kowa ya zo yana karɓa, mai son rage tumbi da mai son faɗin ƙirji. Wata rana yana cin abinci a gabana ya ce shi ya gane inda abincinsa yake: 'yan wasan da suka ji rauni, waɗanda kowa ya cire rai da su. Ya ce masu koyar da ɗaga ƙarfe suna da yawa, amma mai haƙurin dawo da gurgu fili ba shi da yawa. Tun daga nan sunansa ya fara tafiya. Har ni da na haife shi na koma ce masa Koci.

Ya ɗauki Dogo, ya ɗauki wata mata mai koyar da mata da yamma, yana maganar buɗe wuri na biyu. Duk wannan girman, aikin yana cikin kansa ne da kan bango. Ciwon kwana huɗu ya tafi da kan, ni na zo na tafi da bangon. Ban faɗi haka don ki ce mini ba laifina ba ne, kowa ya riga ya faɗa. Kuma ba na ɗora masa laifi. Mutum mai shekara talatin da takwas da ke ɗaga abin da mutum uku ba sa iya ɗagawa, ta ina zai kawo a ransa cewa ya kamata ya bar wa wani kwafi?

Yawancin layukan an dawo da su, alhamdu lillahi. Dogo ya sayo sabon alli, ya tara su duka, kowa ya faɗi abin da ya tuna na kansa. Da kin ga ƙartin nan suna musu kamar yara. Akwai wani ɗan ƙwallo mai tsaron gida da suke kira Tulu, ya rantse Koci ya rubuta masa kilo ɗari da arba'in, sauran suka ce a mafarki ne, ai ɗari da goma ma sai ya kira sunan kakarsa yake tashi da shi. Dogo ya ce to ga ƙarfen nan, ɗaga mu gani. Tulu ya dube shi ya ce yau bayansa na ɗan ciwo. Ranar ce na fara jin dariya a wurin tun da aka yi rasuwar, har ni sai da na murmusa ina zaune a gefe. Ina zuwa kullum yanzu. Na ce ko ruwa ne in riƙa miƙa musu.

Layin Barewa ne ya gagara. Sati goma sha biyu ya tsara mata kafin gasar da za a zaɓi waɗanda za su ci gaba, ta yi biyar yana raye. Sauran bakwai ɗin su ne a ƙarƙashin tawul ɗin da na cire. Shi ya rataya shi da gangan. Ya ce mata kada ta kuskura ta leƙa, don in ta ga nauyin da ke jiranta a gaba tsoro zai shiga gwiwar tun kafin ƙarfen ya shiga. Duk ranar Litinin yakan ɗaga tawul ɗin kaɗan ya buɗe mata sati ɗaya. Ita kuma mai jin magana ce, ba ta taɓa leƙawa ba. Dogo ma bai duba ba, ya ce wannan aikin Koci ne da hannunsa, ba ya sa baki. Sun je wurin likitan da ya yi mata aikin, ya gaya musu abin da bai kamata ta yi ba, amma ya ce ƙarin kilo da ranakunsa ba aikinsa ba ne. Dogo ya ce mini shi tsoro yake ji: in ya ƙara da yawa gwiwar ta sake tafiya, in ya rage ba za ta kai ba. Don haka tun da aka buɗe wurin take maimaita sati na biyar. Yayanki ya bar rarar sati uku ko za ta yi mura ko wani abu ya taso, rarar nan ce muka cinye. In ba ta shiga sati na shida ran Litinin mai zuwa ba, lissafin ba zai ƙara fita ba. Shekarunta sun ja, tana da ɗiya 'yar shekara huɗu, ta ce mini da bakinta wannan ce ta ƙarshe a wurinta. Ba ta taɓa nuna mini fushi ba. Jiya ma ita ta kawo mini man shafawa na ƙafa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ga abin da nake roƙonki. Yayanki mutum ɗaya yake tura wa hotuna daga cikin wurin nan, ke ce. In an tashi kowa ya watse yakan tsaya ya ɗauki kansa, ya turo miki ki ga sabon ƙarfe ko sabon benci, ke kuma ki ce masa ya rage cika baki. Sau da yawa bangon yana bayansa. Kuma na tuna wata rana, bai fi wata biyu ba, ya shigo gaishe ni yana dariya, ya ce ya nuna wa likitar gidanmu aikin da ya tsara wa Barewa, wai kin ce ke masu zazzaɓi kika sani, ba masu gudu ba. In ya nuna miki, to ya ɗaga tawul ɗin ke nan. Ina kyautata zaton hoton yana cikin wayarki.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Kin gaya mini tun ranar rasuwar ba ki iya buɗe saƙonninsa ba, ko sunansa kika gani a wayar sai ki kife ta. Kin kuma ce abin da ya fi cin ranki shi ne ba ki samu zuwa ba. Ban so in zama ni ce zan tura ki cikin saƙonnin nan ba. In ba za ki iya ke kaɗai ba, ki ba maigidanki wayar ya duba, ko ki zaunar da shi kusa da ke. Ba sai kin saurari muryarsa ba, hotunan kawai. Duk wanda bango ya fito a ciki, ko gefe ne, ko ya yi duhu, ki turo wa matar yayanki yadda yake, kada ki yanke komai. Dogo ya ce ko rabin lamba ya gani zai gane hannun Koci. In kuma kin duba babu, ki gaya mini gaskiya da wuri, kada ki ɓoye don tausayina, don su san abin da za su yanke.

Matar yayanki tana gaishe ki, ta ce ta ga saƙonki, za ta amsa in ta samu kanta. Ita ce ta ce ba za a rufe wurin ba, ta riƙe mabuɗi, Dogo ya riƙe aikin. Yayarki da yaranta suna gaisuwa, haka kawunku, haka gwaggonku da ke kwana tare da ni har yanzu tana hana ni barci da minshari. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce na gode da haƙurin da yake yi da ke a kwanakin nan. Ki shafa mini kan angona, ki ce masa in bai koyi gaishe ni a waya ba zan canza miji. 'Yar ƙaramar kuma Allah Ya raya mana ita. Allah Ya ji ƙan yayanku, Ya haɗa shi da babanku a wuri mai kyau, Ya yi muku albarka duka.

Mahaifiyarki.

Dogo ya ja wa Barewa layinta a bangon da na wanke, ya raba shi gida goma sha biyu, ya cike biyar. Bakwai suna nan babu komai a ciki, kuma yau Alhamis.