Farin Tabo a Kan Giyawa

Daren Talata, watan Mayu, Giyawa

Yau Injiniya Balkisu, shugabata a aikin awon danshin ƙasa, ta zo daga Sakkwato da taswira. Ko'ina da launi, sai kan ƙauyenga, fari fat.

"Malam Sani, mi kas sa bisa ɗakinka?"

Na ce eriyar ƙara sabis ce da na saya a kasuwa. In babu ita, ko sallama ba ta fita daga wayata.

Ta ce tauraron ɗan adam ɗinmu saurare kaɗai yake yi. Ƙasa na da wata 'yar raɗa, da ita yake gane ko gona ta jiƙe. Eriyata kuwa ihu take masa a kunne. Wata uku bai ji Giyawa ba, ga shuka ta matso.

Ban yi gardama ba. Na hau na kwance ta, ina ta zagin mai shagon a zuciyata.

Da eriyar nan nake jin ɗiyata Ummi da ke nesa tana biya mini Fatiha a waya, tana cinye rabin ayoyin. Ga wayar nan gefena, shiru. Yau tauraro zai ji ƙasa. Ni wa zan ji?