Hancin Dogo a Kan Gilashi

Litinin, 5 ga Mayu

Dogo ya sayar da kyamarar babansu. Sai yau na ji, da ya shigo da wata 'yar mitsitsiya kamar gwangwanin kifi. Wai "mara madubi" ce, ita ake yayi. Na ce ta babanka da madubinta ta ciyar da gidan nan har ya koma ga Allah, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ya ce, "Umma, ki ɗaga ki ji, ba nauyi." Ban ɗaga ba. Abin da ba shi da nauyi ban cika yarda da shi ba, ko mutum ne ko kaya.

Mukullin shagon hoton a hannunsa yake, amma shagon nawa ne. Gara ya riƙa tuna wannan.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yana cin abinci yana yarfe hannun dama. Cokali ya faɗi. Na kalle shi, ya kau da kai.

Asabar, 10 ga Mayu

Shugabar makarantar da ke bayan layinmu ta zo har gida da hotunan 'yan ajin ƙarshe. Mutuniyar kirki, tun zamanin marigayi shagonmu ke yi musu hoto. Ta shimfiɗa su a kan tabarma. Fuskokin yara duk dishi-dishi, amma kwandon shara da ke can gefen hagu ya fito tas, har ana ganin ɓawon ayaba a ciki. Wani hoton kuma tagar aji ce ta fito. Ta ce, "Maman Dogo, iyaye ba za su karɓi hoton kwando ba. Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Tambayar nan ita ta tsaya min a rai. Ɗan maƙwabciyarmu da haka ya fara: rawar hannu, ɓata aiki, yawan shiru. Sai daga baya aka ga ƙwayoyi a cikin takalminsa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ya shiga wanka na bincike jakarsa, aljihunan wandunansa, takalma, har cikin rigar filo. Batura, wayar caji, man zafi, tsumma. Man zafin me matashi zai yi da shi? Na shinshina, man zafi ne dai. Uwa ba ta neman izini a ɗakin ɗanta.

Gilashin bayan kyamarar duk maiƙo a gefe guda. Ƙazanta ma alama ce.

Talata, 13 ga Mayu

Na tsare shi. Ya ce kyamarar ce ba ta zauna masa a hannu ba. Wai mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsansa ba shi da wurin zama, sai ya naɗe shi a ƙasa, kafin azahar hannu ya ƙage. Wai kuma ƙaton idon gilashin da ya ɗaura mata a gaba yana rinjayarta, kullum cikin kokawa yake kar ta sunkuya. Maɓallan ma sun matse, yana neman ɗaya ya danna biyu.

Na ce to kwandon shara fa, shi ma yatsa ne?

Ya ce, "Wallahi Umma wannan ne ban gane ba. Ina saita ta a kan fuska, in na ɗauka sai in ga ta koma wani wuri."

Na ce kyamara ba ta da ƙafa. Mai shaye-shaye kullum da wanda zai ɗora wa laifi, yau har ƙarfe ya samu. Da na faɗi kalmar shaye-shaye ya kalle ni, sannan ya tashi ya fita bai gama shayinsa ba.

Na kira Baffansa. Zai zo Asabar ya karɓi mukulli, a kai yaron asibiti a gwada jininsa. Gara a ce na yi tsanani da a ce na yi sake.

Laraba, 14 ga Mayu

Ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Bai shigo ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na tafi shagon da kaina ba sanarwa, na zauna a kan bencin masu jira da carbina. Idonsa na zo dubawa, ko ja ne. Wani direba ya shigo hoton fasfo. Dogo ya ɗaga kyamarar da manyan hannayen nan irin na babansa, ta ɓace a cikinsu kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Da idon hagu yake leƙawa, tun yana yaro haka yake, na daman bai da ƙarfi. To da ya kai idon hagu ramin leƙawa, sai hancinsa ya manne a gilashin baya, daidai inda maiƙon nan yake.

Haushi ya kama ni. Na ce, "Kai, ɗauke hancinka daga kan abin mutane. Ka saya da tsada kana goge majina da shi."

Direba ya fashe da dariya, ya ce, "Hajiya, ai hancin ne ya yi yawa, ba inda zai ajiye shi."

Dogo bai yi dariya ba. Ya sauke kyamarar, ya dangwala gilashin da yatsa. Wani ɗan koren akwati ya yi tsalle ya koma inda ya taɓa. Ya sake mannawa da hanci, akwatin ya gudu can gefe. Ashe gilashin irin na waya ne, inda aka taɓa nan take saitawa. Ta babansu ba ta jin taɓi, ko goshi ka kafa mata.

Ya shiga danne-danne ya kashe jin taɓin gilashin. Ya ɗauki direba, fuska ta fito har furfurar gemu. Ya miƙo min in gani. Na duba, na mayar masa.

Wannan ya warware kwando. Bai warware rawar hannu ba. Ban sauka daga bakana ba tukuna.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ya sake ɗaukar 'yan makaranta kyauta. Shugaba ta aiko a ce ta gode.

Da ya fita masallaci na ɗauki kyamarar na riƙe yadda yake riƙewa, na naɗe ƙaramin yatsa a ƙasa da gangan. Kafin ruwan shayi ya tafasa gaɓar hannuna ta fara zogi. Ni ma dai da nawa ciwon gaɓɓan, ba hujja ba ce.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ce wa Baffansa ya bar zuwan, hanya ba kyau. Ba ƙarya na yi ba, hanyar ba ta da kyau.

Akwai guntun fata a cikin kayan ɗinkina. Na ce wa Dogo ya kawo hannunsa in auna, zan ɗinka wa abar nan ƙarin mariƙi, don kawai kar ta suɓuce a yi asara. Ya tsuguna ya miƙo. Rabon da in riƙe hannun nan tun ina tsallakar da shi titi.

Na daɗe ina awon da tef ɗin ɗinkina, na sake, na kuma sakewa. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan.

Ya ce, "Umma, tef ɗin ne ke rawa."

Na ce fanka ce, ya tashi ya rage ta.