Shirun Inna Ba Mantuwa Ba Ne

Zuwa ga Shugaban masu binciken da suka zo ƙauyenmu, kusa da Pauwa, kan cutar mantuwar tsofaffi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Rakiya. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da rubutun. Ni ce gurguwar da mutanenka suka zo wajenta bara da kaka, suna tambayar sana'ar da za a tallafa wa irinmu. Ina nuna musu ɗinkin hulata sai suka hango mahaifiyata, Inna, tana share inda ta riga ta share sau uku. Suka nemi izinin yi mata tambayoyi da ɗaukar muryarta, na yarda. Inna ta rasu da damina ta faɗi.

Na farko. Yarinyar da ta yi tambayoyin mai ladabi ce, amma daga gani a birni ta tashi. Ta nuna ni, ta ce Inna ta faɗi sunana. Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ci gaba da jan carbi. Sau uku ana maimaitawa. Na buɗe baki, aka ce dangi ba sa taya amsa. Yarinyar ta danna wani abu a kwamfutar hannunta, ta wuce gaba.

Ranka ya daɗe, ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, kunya ce. Shekara arba'in da huɗu "ke" take ce mini, in ba na nan ta ce "waccan". Ko wata Rakiya ta shigo gidan, "mai sunan waccan" take kiranta. A lokacin ta manta ranar kasuwar Ƙanƙara, ta kan manta ko ta ci abinci, amma ba ta manta ni ce ta fari ba. Shi ya sa ta yi shiru.

Na biyu. Kwana uku bayan sadakar arba'in, da hantsi, ina ɗinki a tsakar gida rediyo na kunne, sai na ji Inna tana amsa gaisuwa. Allurar ta faɗi daga hannuna. Aka yi tambayar nan, shirun ya biyo baya, kun bar shi da tsawonsa. A cikinsa na ji numfashinta, da ƙarar carbin da yanzu ke rataye a ɗakina, da carar zakaran da muka yanka ranar sadakar uku. Sai da na waiwaya na dubi ƙofar ɗakinta. Daga nan wani mutum ya yi bayani, wai ciwon tsohuwar nan ya kai ba ta gane 'yar da ta haifa ba. Ba ku faɗi suna ba, amma wa ke nan da bai san muryar Inna ba? Har daga Ruwan Godiya ƙanwarta ta aiko tana ba ni haƙuri.

Na uku, wanda ba ku gani ba. Wata biyu kafin rasuwarta, ina ba ta koko, ta dube ni ta ce "Rakiya", sarai, yadda ake kiran 'yar maƙwabta. Ta tambaye ni ko na ga waccan, wai ta fita ba ta dawo ba, ga shi ba ƙafa gare ta ba. Ranar ce ta manta ni. Da ranar kuka yi mata tambayar, da kun ba ta maki. Daga nan har ta cika, kullum sai ta kira sunana ta aike ni neman kaina. Har yanzu in hantsi ya yi nakan ji kamar an kira daga ɗakin. Ba na amsawa.

Roƙona ga shi. A gyara abin da aka rubuta a kanta, a kuma faɗi gyaran a rediyon da aka yi kuskuren. Kafin ku sake shiga wani gida, ku zauna da tsofaffin matan garin, su faɗa muku abin da uwa ba ta iya furtawa a gaban baƙi. Maganar tallafin ɗinki na yafe, a ba wata.

Sannan a aiko mini da faifan muryar nan, kada a yanke komai, musamman wurin da ba ta ce komai ba. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Shirun nan shi ne shaidata cewa ta san ni.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya ba iyayenka tsufa mai sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam, daga waccan, 'yar farin Inna.